Tasirin Radiyeshan a kan Motsin Hanji: Abin da Gwaje-gwaje a kan Dabbobi Suka Nuna

1. Gabatarwa

Tambaya guda ɗaya ce muke so mu tattauna a kanta a wannan takarda. Idan aka haska cikin dabba da radiyeshan mai ƙarfi, ba a jimawa sai ta kama amai, daga baya kuma murɗawar ciki da zawo su biyo. To mene ne ainihin abin da ke haddasa wannan? Amsar da aka daɗe ana koya wa ɗalibai ita ce, radiyeshan yana kashe ƙwayoyin halittar da ke shimfiɗe a bangon cikin hanji, hanji ya zama kamar ɗanyen gyambo, ya kasa tsotse ruwa da abinci. Wannan amsa gaskiya ce, amma ba ta cika ba. Zubewar shimfiɗar hanji takan ɗauki kwanaki kafin ta bayyana, alhali kuwa kare yakan fara amai cikin awa ɗaya ko biyu da haskawa. Ashe ke nan akwai wani abu da ke rikicewa tun kafin shimfiɗar ta zube. Abin nan kuwa shi ne motsin hanji.

Kafin mu ci gaba, ya kamata mu daidaita kan kalmomi. Idan muka ce radiyeshan, muna nufin irin hasken nan da ido ba ya gani, mai ratsa jiki ya farfasa sinadaran da ke cikin ƙwayoyin halitta, watau kamar hasken eksire da ake ɗaukar hoton ƙashi da shi, da hasken gamma da ke fita daga ƙarfen kobal-60. Ma'aunin abin da jiki ya sha shi ne gire, sunan da aka ɗauko daga masanin Ingila Louis Harold Gray, aka kuma amince da shi a 1975. Gire ɗaya daidai yake da rad 100 a tsohon lissafi. Hoton ƙirji guda bai kai kashi ɗaya cikin dubu na gire ba, saboda haka duk abin da za mu faɗa a nan bai shafi mai zuwa ɗaukar hoto a asibiti ba.

2. Yadda lafiyayyen hanji yake motsi

Wani abin lura a tarihin wannan fanni shi ne, da eksire aka fara ganin motsin hanji ba tare da an buɗe cikin dabba ba, kuma eksire ɗin ne aka fara kamawa da laifin ɓata shi. Wilhelm Röntgen ya gano wannan haske a Jamus a 1895. Shekara guda bayan haka Walter Cannon, yana ɗalibin likitanci a Jami'ar Harvard ta Amurka, ya fara cakuɗa abincin dabbobi da gishirin bismut, wanda hasken ba ya ratsawa, yana kallon yadda abincin yake tafiya. A 1902 ya bayyana yadda ƙaramin hanjin kyanwa yake tsinka abinci gunduwa-gunduwa yana cuɗa shi. A 1897 kuwa wani likita a Ingila, David Walsh, ya riga ya ba da labarin wani mutum da ke aiki da eksire wanda ya yi ta fama da murɗawar ciki da zawo, ya kuma sami sauƙi da ya fara kare cikinsa da darma.

Bangon hanji yana da tsoka rufi biyu, ɗaya ta zagaye shi kamar zobe, ɗaya ta bi tsawonsa. Tsakanin su akwai saƙar jijiyoyi wadda ke iya tafiyar da aikinta ko da an yanke hulɗarta da ƙwaƙwalwa. Bayliss da Starling ne suka tabbatar da haka a jikin karnuka a London a 1899: in loma ta taɓa wani wuri, sai bayanta ya tsuke, gabanta ya saki, ta haka take turuwa. Akwai kuma wasu ƙwayoyin halitta da ake kira da sunan masanin Sifen, Cajal, waɗanda ke ba tsokar kiɗan da take bi, kamar yadda makaɗi yake ba manoma a gayya.

In ciki ba kome, hanji ba ya zama shiru. A 1969 Joseph Szurszewski ya nuna cewa a hanjin kare mai azumi akwai wani jerin tsukewa mai ƙarfi da ke tasowa daga sama ya gangara sannu a hankali har ƙarshen ƙaramin hanji, in ya ƙare wani ya taso. A kare da mutum yakan zagayo bayan kimanin awa ɗaya da rabi zuwa biyu, a babban ɓera kuwa bayan minti 10 zuwa 20. Aikinsa share guntattakin abinci da bakteriya. A nan za mu kira shi motsin shara. Ban da shi akwai wasu manyan tsukewa iri biyu waɗanda ba a cika ganinsu ba a lafiyayyar dabba. Na farko babbar tsukewa ce mai gangarawa, wadda ta fi ta kullum ƙarfi da daɗewa nesa ba kusa ba, tana kwashe duk abin da ta tarar ta yi ƙasa da shi; ita ce takan zo gab da bayan gida. Na biyu babbar tsukewa ce mai komawa baya, wadda ke tasowa daga tsakiyar ƙaramin hanji ta mayar da abin da ke ciki zuwa tumbi. Ita ce takan zo gab da amai. Muna roƙon mai sauraro ya riƙe waɗannan biyun, domin su ne za su warware mana matsalar nan gaba.

3. Bayanin da aka gada

A 1922 Stafford Warren da George Whipple suka haska cikin karnuka, suka ga cewa dabbobin suna mutuwa cikin 'yan kwanaki, shimfiɗar ƙaramin hanjinsu ta zagwanye. Dalili a fili yake. Shimfiɗar nan tana sabunta kanta cikin kwana 3 zuwa 5. A gindin 'yan yatsun da ke tsotsar abinci akwai 'yan ramuka, a cikinsu ne uwayen ƙwayoyin halitta suke ta rabuwa suna tura 'ya'yansu sama, tsofaffi kuma suna faɗuwa daga kan yatsun. Radiyeshan ya fi yi wa ƙwayar da ke rabuwa ɓarna, kamar yadda Bergonié da Tribondeau suka faɗa a Faransa tun 1906. In uwayen suka mutu, tsofaffin ba su daina faɗuwa ba, sababbi kuma ba su zo ba, sai bango ya zama tsirara. Henry Quastler ya nuna a 1956 cewa ƙananan ɓeraye da aka ba gire 10 ko fiye, har zuwa wajen gire 100, duk sukan mutu bayan kimanin kwana uku da rabi, watau daidai lokacin da shimfiɗar take ƙarewa.

Wannan bayani yana da tsabta, ga shi kuma ana iya ƙirga ramukan da suka tsira a ƙarƙashin madubin likita, kamar yadda Withers da Elkind suka tsara a 1970. Saboda haka ne hankalin masana ya tattara a kansa. Tsoka da jijiya kuwa, tun da ƙwayoyinsu ba sa rabuwa, sai aka ɗauka ba ruwansu. A ganinmu nan ne aka yi gaggawa. Ƙwaya tana iya zama da rai, siffarta ba ta canja ba, amma aikinta ya rikice.

4. Abin da aka gani a jikin ɓera

Robert Conard, likitan da daga baya ya shafe shekaru yana duba mutanen tsibiran Marshall waɗanda ƙurar gwajin bom na 1954 ta zubo wa, shi ne ya yi ɗaya daga cikin gwaje-gwajen farko masu ma'ana. A 1951 ya ba da rahoton cewa hanjin babban ɓera yakan ɗaure ya ƙara motsi tun ana cikin haskawa, cikin 'yan mintoci, kuma da kimanin gire ɗaya kawai. Da aka ba dabbar atirofin, maganin da ke toshe saƙon jijiyoyin da ke sa hanji tsukewa, sai abin ya lafa. A 1952 kuma Burn da Kordik da Mole a Ingila suka sami raguwar sinadarin da ke narkar da wannan saƙo a hanjin ɓerayen da aka haska. Cikin 'yan mintoci ba wata shimfiɗa da ta zube. Jijiyoyi ne suka amsa.

Sai dai kuma a tumbi akasin haka aka gani. Gwaje-gwaje da yawa na shekarun 1950 da 1960 sun nuna cewa tumbin ɓera yakan riƙe abinci ya ƙi sakinsa bayan haskawa, ko da abin da aka ba shi bai kai gire ɗaya ba, kuma riƙon yana daɗa tsawo gwargwadon yawan abin da ya sha. Ɓeran yakan kuma daina cin abinci.

A nan akwai tarko wanda ya kamata duk mai shirin irin wannan bincike ya sani. Hanyar da ta fi arha wajen auna tafiyar abinci ita ce a ɗura wa ɓera garin gawayi ta baki, bayan minti 20 ko 30 a kashe shi, a auna nisan da baƙin ya kai a hanji. To in tumbi ya riƙe gawayin, tilas nisan ya gajarta, sai mai bincike ya rubuta cewa hanji ya yi sanyi, alhali watakila hanjin ma sauri yake yi, abin da zai tura ne bai iso gare shi ba. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa tsofaffin rahotanni suke saɓa wa juna, wani ya ce motsi ya ƙaru, wani ya ce ya ragu. Maganin abin shi ne a zura siririn bututu kai tsaye cikin farkon hanji, a tsallake tumbi. Har ila yau maganin sa barci da ake ba dabba don ta tsaya cik a gaban na'ura shi kansa yana rage motsin hanji, haka nan azumin da dabbar ta ɗora wa kanta. Gwajin da bai ware rukunin dabbobin da aka sa barci ba a haska su ba, da rukunin da aka rage wa abinci daidai da na waɗanda aka haska, sakamakonsa ba abin dogaro ba ne.

Daɗin daɗawa, ɓera ba ya amai, babba da ƙarami. Halittarsa ce haka. Abin da yakan yi in zuciyarsa ta tashi shi ne ya riƙa cin abin da ba abinci ba, musamman farin yumɓu, har masu bincike sukan auna yawan yumɓun da ya ci a madadin ƙirga amai. Dabara ce mai kyau, amma ba ta nuna mana abin da tsokar hanji take yi gab da amai. Don ganin wannan sai an koma ga kare da biri da faret, wata 'yar dabba dangin bodari.

5. Abin da aka gani a jikin kare

A 1984 André Dubois da abokan aikinsa a cibiyar binciken radiyeshan ta sojojin Amurka da ke Bethesda suka ba karnuka gire 8 na hasken gamma. Karnukan suka yi amai, tumbinsu kuma ya daina sakin abinci. Da aka ba su maganin domperidone kafin haskawa, amai ya tsaya, amma tumbi bai saki ba. Wannan ya nuna cewa hanyar da ke kawo amai daban take da hanyar da ke daskarar da tumbi, kuma tsayar da amai ba ya nufin ciki ya koma daidai.

A Iowa, Robert Summers da jama'arsa suka dasa wayoyi a bangon hanjin karnuka, suka ba cikinsu kimanin gire 9 a tashi ɗaya. Rahotonsu na 1987 ya nuna tsukewar ƙaramin hanji tana raguwa kwana bayan kwana, kiɗan da tsoka take bi ya hargitse, alhali kuwa tsokar da jijiyoyinta ba su nuna wani rauni a ƙarƙashin madubi ba.

Amma aikin da muke ganin ya fi kusa da halin da majinyata ke ciki shi ne na Mary Otterson da Sushil Sarna da John Moulder a Kwalejin Likitanci ta Wisconsin da ke Milwaukee. Su ba su ba da radiyeshan a tashi ɗaya ba. Sun rarraba shi kamar yadda ake yi wa mai ciwon daji: gire biyu da rabi sau uku a mako, har mako uku, jimla gire 22.5. Sun ɗinka 'yan na'urorin auna tsukewa a bangon hanji, suka bar karnukan suka warke, sa'an nan suka riƙa ɗaukar bayani dabbobin suna farke, ba maganin barci. Sakamakon ƙaramin hanji ya fito a 1988, na babban hanji a 1992.

Abin da suka gani shi ne, tun daga kashi na farko da na biyu, manyan tsukewar nan biyu da muka ambata suka yawaita ƙwarai. Mai komawa baya tana tasowa, amai ya biyo ta. Mai gangarawa kuwa, wadda a da sai jifa-jifa ake ganinta can ƙasan hanji, sai ta riƙa tasowa daga sama tana share tsawon hanji cikin ɗan lokaci. In ta taso, karen yakan nuna alamar ciwon ciki, sau da yawa kuma zawo ya biyo. Ma'anar wannan ba ta da wuyar fahimta. Ruwan da ke shiga ƙaramin hanji kowace rana, na sha da na tumbi da na matsarmama, yana bukatar lokaci kafin a tsotse shi. In tsukewa ɗaya ta kwashe shi gaba ɗaya ta juye a babban hanji, ruwan matsarmamar da bai samu an tsotse shi ba yakan ƙara tsokanar babban hanjin, shi ma ya tura. Ko da shimfiɗar tana nan lafiya lau, zawo zai zo. Ƙarfin tsukewar kuma, da yadda take buɗa hanjin da ke gabanta, shi ne murɗawar da majinyaci ke ji. A 1994 wannan rukuni, tare da Beth Erickson, suka fito fili suka ce rikicewar motsi ce ke haddasa wahalar ciki ta farko-farkon haskawa.

Mu dai muna ganin hujjarsu ta tsaya game da makon farko. Bayan nan kuwa abubuwa biyun sukan haɗu: shimfiɗa ta fara zubewa, kumburi ya shigo, shi kuma kumburin ya daɗa tayar da jijiyoyi. Raba su a wannan mataki aikin banza ne.

6. Ta wace hanya?

Sinadarin da aka fi samun tabbaci a kansa shi ne sirotonin. Kimanin kashi 90 cikin 100 na sirotonin ɗin jiki a hanji yake, cikin wasu ƙwayoyi da ke warwatse a shimfiɗarsa. Radiyeshan yakan sa su zubar da shi, shi kuma ya taɓa bakin babbar jijiyar da ta haɗa ciki da ƙwaƙwalwa, saƙo ya tafi cibiyar amai. A jikin faret aka tabbatar da haka a tsakiyar shekarun 1980: in an yanke jijiyar, ko an toshe wurin da sirotonin ke kamawa, amai yakan ragu ƙwarai. Daga wannan bincike ne aka sami ondansetron da granisetron, waɗanda suka shiga asibitoci a farkon shekarun 1990. Wannan shi ne babban abin da gwaji a kan dabbobi ya ba majinyata a wannan fanni.

Bakteriyar hanji ma suna da hannu. Tun a shekarun 1960 aka lura cewa ƙananan ɓerayen da aka raina ba tare da ko ƙwayar bakteriya ɗaya a cikinsu ba sun fi na kullum jure wa haskawa, kuma Crawford da Gordon sun sake tabbatar da haka a 2005.

7. Bayan watanni da shekaru

Ciwon farko yakan wuce cikin 'yan makonni da gama haskawa. Na baya shi ne mai wuyar magani. Ƙananan hanyoyin jini sukan toshe, bangon hanji ya yi kanta, ya yi kauri ya ƙi miƙewa, wani wuri ya ƙuntata. Don nazarin wannan Martin Hauer-Jensen ya yi amfani da wata dabara: a yi wa namijin ɓera aiki a sauko da ɗan yankin hanji cikin jakar maraina, ta yadda za a iya haska wannan yanki kaɗai sau da yawa ba tare da an taɓa sauran ciki ba, dabbar ta rayu har a ga abin da zai faru bayan watanni.

Abin da ya shafi motsi a nan shi ne motsin shara. In ya raunana, bakteriyar da mazauninsu babban hanji ne sukan hauro su cika ƙaramin hanji, su cinye abinci, su ɓata ruwan matsarmama, majinyaci ya yi ta zawo yana ramewa. Einar Husebye da abokan aikinsa a Oslo sun nuna haka a 1995 a jikin matan da aka yi wa gashin ciwon daji shekaru da suka wuce: waɗanda motsin sharar hanjinsu ya lalace su ne bakteriyar suka mamaye. Abin da Szurszewski ya gani a hanjin kare shekara 26 kafin nan, shi ne ya ba da ma'anar abin da aka gani a jikin waɗannan mata.

8. Abin da ya shafe mu

Haɗurra irin na Chernobyl a 1986, inda mutum 134 suka kamu da ciwon radiyeshan mai tsanani, 28 suka rasu cikin 'yan watanni, su ne aka fi ambata in ana wannan magana. Amma inda abin ya fi taɓa mu shi ne ɗakin gashin ciwon daji. Ciwon dajin bakin mahaifa yana cikin waɗanda suka fi kama mata a Nijeriya da Nijar, kuma da yawa ba sa zuwa asibiti sai ya wuce a yi aiki, sai dai gashi. An kafa sassan wannan magani a asibitocin koyarwa kamar na Shika a Zariya da na Sakkwato. Abin da aka saba bayarwa daga waje shi ne gire 45 zuwa 50 a ƙugu, a rarrabe cikin kimanin mako biyar, kuma ba yadda za a yi wani yanki na hanji bai shiga cikin hasken ba.

Matar da ta taso daga ƙauye mai nisa, tana kwana a gidan dangi ko a harabar asibiti, in zawo da amai suka kama ta a makon farko, abu ne mai sauƙi ta ɗauka maganin ne ke kashe ta, ta tattara kayanta ta koma gida. Gashin da aka katse kuwa, ko aka ja shi ya wuce mako takwas, ƙarfinsa a kan ciwon yakan ragu. In likita ya san cewa zawon farko na motsi ne, zai gaya mata tun kafin a fara cewa zai zo kuma zai wuce, ya ba ta maganin amai kafin ta shiga ɗakin na'ura, ya tanadi maganin rage gudun hanji irin su loperamide bayan ya tabbatar ba atini ko wata cutar ciki ba ce, ya kuma sa ta sha ruwa mafitsara ta cika kafin haskawa, domin cikakkiyar mafitsara takan tura ƙaramin hanji sama, ta fitar da wani sashe nasa daga hanyar hasken.